Damin Geron da Bai Je Tambuwal Ba

Ni na faɗi maganar da ta jawo abin, don haka ina ganin ni ya kamata in rubuta yadda aka yi, ko da yake akwai wuraren da ba zan rantse a kansu ba. Shekaru sun yi nisa, waɗanda za su gyara mini kuskure kuwa duk sun rasu.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ina aikin akawu a wani kanti da ke sayen gyaɗa da auduga a Tambuwal. Da yake ba En'e, wato hukumar sarakuna, ke biyana albashi ba, na sami damar da malaman makaranta da na asibiti ba su samu ba, na shiga jam'iyyar da manya ba sa so ba tare da an kore ni daga aiki ba. Ba jarumta ce ta kai ni ba. Manufofinta na karanta, na juya su, na rasa abin da zan musanta a ciki: kada a doki mutum ba tare da shari'a ba, kada a sa shi aikin tilas, a bar shi ya faɗi ra'ayinsa, ya zaɓi wanda zai yi magana a madadinsa.

Reshenmu ƙarami ne. Shugabanmu wani tela ne mai babbar murya, ɗan babban gida, yana ɗinki a zauren gidansu inda wansa yake maigida. An taɓa ɗaure shi saboda lacca ba izini, ya fito muryar ta ƙara kauri. Tela kowa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Wata damina, gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, muka sami izinin yin lacca a kasuwar wani ƙauye da ke bakin gulbi a ƙasar Kebbe. Rabin hanyar mu muka ɗauki kekunanmu, ba su suka ɗauke mu ba, saboda laka. Da muka isa sai muka tarar wurin da aka ware mana shi ne gefen turken jakuna. Tela ya dubi jakunan ya ce ba laifi, su ma an daɗe ana ɗora musu kaya ba a tambaye su ba. Aka kifa mana turmi, ya hau ya yi nasa, sannan ya ce Malam zai bayyana manufar jam'iyya. Malam ɗin ni ne.

Ba na son hawa turmi. Kullum ina tsoron in faɗi abin da ya wuce abin da na sani. Amma ranar bakina ya buɗe. Na yi magana a kan 'yanci, don ita ce kalmar da ke bakin kowa a lokacin, ita ake faɗa in ana zancen tafiyar Turawa da zaɓe. Iyakar abin da nake iya tunawa, na ce 'yanci ba riga ba ce da wani babba zai ba ka ranar salla, da shi uwarka ta haife ka, kuma ba wanda ya isa ya ba ka shi balle ya karɓe. Ina faɗa ina tunanin Gwamna da alƙali da masu karɓar haraji. Amma a ƙasarmu kalmar tana da ma'anar da ta girmi jam'iyya, ta girmi Turawa. Akwai ɗa, akwai bawa, kuma bawa ba ya zama ɗa sai ubangijinsa ya 'yanta shi a gaban shaidu. Kowa ya san wannan, ni ma na sani. A kan turmin ne kawai bai zo mini a rai ba.

Da aka watse sai wani dattijo ya matso, dogo, ƙafafunsa duk laka, da fartanya a kafaɗa. Tela na ganinsa ya washe baki.

"Ashe kana nan, Baba? Ku zo ku gaishe shi, shi yag goye ni ina yaro."

Dattijon ya tuɓe takalmansa na fata zai durƙusa, Tela ya riƙo hannunsa.

"Mu ba a faɗuwa gabanmu, Baba. Ba ka ji abin da Malam yac ce ba?"

"Na jiya, ɗan maigida. Shi nika son tambaya." Ya juyo gare ni. "Malam, 'yancin ga da kac ce kowa da shi anka haife shi. Har da dimajo?"

Dimajo shi ne wanda aka haifa cikin bauta, a hannun ubangijin iyayensa. Na dubi Tela, na ga har yanzu murmushi yake yi.

Na ce, "Har da kowa, Baba."

"Ba sai an ba shi ba?"

"Ba sai an ba shi ba."

"Ko ba a tara shaidu ba?"

Nan na fara jin inda maganar ta nufa. Na ce, "A fahimtata dai, haka ne."

"Fahimtarka, ko ta jam'iyya?"

Tela ya karɓe da muryar nan tasa, yadda har masu kwance jakuna sai da suka juyo. "Ta jam'iyya ta, Baba. Wanda duk yac ce maka ba haka na ba, turo min shi."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya mayar da takalmansa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, sannan ya dubi Tela.

"To madalla. Ka gaya ma yayanka bana ba ni kawo dami."

A hanyar komawa ne Tela ya ba ni labarin, muna tura kekuna. Kakansu ne ya sayi mahaifin Baba tun kafin zuwan Turawa, ya ajiye shi a wannan bakin gulbi ya ce ya yi noma. A lokacin wurin daji ne. Mahaifin Baba ya sare shi, ya mai da shi gona, ya mutu a kanta, Baba ya ci gaba. Turawa sun daɗe da cewa babu sauran bauta, amma a takarda suka faɗa, kuma takardar ba ta taɓa zuwa wannan ƙauye ba. Duk kaka Baba yakan ɗora wa jaki dammunan farko na geronsa ya kai Tambuwal, ya shiga zaure ba takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Da babbar salla shi ke feɗe ragon gidan, a ba shi kai da ƙafa. Ba mai dukansa, ba mai ce masa bawa a idonsa. Mutumin gidanmu, haka suke cewa.

Tela ya ce, "Wallahi Malam, ni zumunci nika ganin abin."

Na yarda da shi, har yau kuma na yarda.

Amsar maigida, wan Tela, ba ta daɗe ba. Ya aika da baki ta hannun fatake masu zuwa kasuwar ƙauyen: ko dami ya zo Tambuwal kamar kullum, ko Baba ya tashi daga gonar. Wannan gona kuwa ita ce abincin Baba da matarsa da 'ya'yansa da jikokinsa, ba su da wata.

Ya kamata in yi wa maigida adalci. Ba mugun mutum ba ne yadda ake gane mugu. Mai ibada ne, hannunsa a sake. Shekarar da aka yi yunwa shi ya aika wa gidan Baba da dawa, kuma Baba da kansa bai taɓa musun haka ba. Abin da ya kasa ɗauka shi ne a ce a zamaninsa aka daina abin da ake yi tun zamanin kakansa, kuma a ce daga bakin laccar ƙanensa abin ya fito.

Muka taru bayan la'asar a rumfar wani mahauci ɗan jam'iyya, don ba zai yiwu mu tattauna wannan a zauren maigida ba. Akwai wani mai sayar da goro a cikinmu, mutum mai lissafin siyasa, shi ya fara.

"Wagga magana ta cikin gida ta. Mu da Turawa da En'e muka faɗa, ba da rumbun mutane ba. Ga zaɓe tafe. Gida nawa cikin garin ga ba su da wani tsoho irinai ga ƙauye? Har masu goyon bayanmu a ɓoye. In munka taɓa wanga, sun tafi dut."

Mahauci yana goge wuƙa ya ce, "Kai ma kana da naka tsohon ke nan."

"Ni ko jaki ba ni da."

"To mi kaka tsoro? Ni da ba a cin akushi ɗaya da ni don ina fawa, ai na ɗauka don irinmu anka kafa jam'iyyag ga. In ashe ta 'yan manyan gida ta da sunka yi fushi da iyayensu, a gaya min in koma ga naman mutane."

Aka yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba. Mai goro ya juyo gare ni.

"Malam, kai kas san takarda, kai kuma kaj jawo. Ba ka iya komawa ka gaya mashi ba irin wanga 'yancin muka nufi ba?"

Gaskiya ita ce na riga shi neman wannan ƙofar. Ni mutum ne mai son in bar wa kaina hanyar fita a kowace magana, kuma tun ranar kasuwar nake juya manufofin jam'iyya a kaina ko zan sami inda aka ce ban da wane. Ban samu ba. Haka na gaya musu. Na ce watakila na yi gaggawar magana a kan turmi, amma ban yi ƙarya ba. Na ce in muka yarda 'yanci iri biyu ne, ɗaya na lacca ɗaya na cikin gida, to Bature ma yana iya cewa nasa iri biyu ne, ɗaya na ƙasarsu ɗaya na nan, kuma ba mu da bakin ba shi amsa.

Tela yana zaune da tef ɗin awo a wuyansa, ya bari kowa ya gama. Sannan ya ce a bar shi ya yi magana da yayansa.

Ya yi, kuma ya dawo da abin da dukanmu muka ɗauka nasara ce. Maigida ya yarda ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai tara mutane ya ce ya 'yanta Baba saboda Allah, ya kuma bar masa gonar kyauta ya ci har iyakar ransa, ba dami ba gaisuwa. Mai goro ya raba mana goro don murna. Ni kaina na ji kamar an sauke mini kaya. Washegari ni da Tela muka hau kekuna mu kai albishir.

Muka sami Baba a gonar yana ɗaura tsummoki a jikin igiya don korar tsuntsaye, geron ya fara nuna. Ya saurari Tela har ƙarshe bai daina ɗaurin ba. Sannan ya ce:

"In yat tara mutane ran Juma'a yac ce ya 'yanta ni, ran Alhamis mi nike?"

Ya ɗaura wani tsumma, ya ci gaba.

"Kuma gonad da anka ba ni kyauta har iyakar raina, ranad da raina yaƙ ƙare ta wa ta? Ɗiyana su sake ɗora ma jaki su tafi Tambuwal su duƙa?" Ya nuna wata tsamiya a tsakiyar gonar. "Ubana yas sare dajin ga da gatarinai. Waccan tsamiya shi yab bar ta don inuwa. Ba a ba ni abin da ubana yas sare kyauta."

Tela ya ce, "Baba, ka sauƙaƙa min. Yayana na."

"Na sani. Ku biyu dut bayan ga kunka hau. Amma ni ban je Tambuwal neman 'yanci ba, ku kunka zo kasuwarmu da turmi."

Na ga wajibi ne in faɗa masa haɗarin da ke ciki, don ba na son mutum ya shiga wuta a kan maganata bai sani ba. Na ce abin da aka yi masa tayi tabbas ne, abin da yake nema kuwa ba tabbas. Na ce in aka je gaban mai gari yana iya rasa gonar gaba ɗaya, kuma jam'iyyarmu ba ta da alƙali ko ɗan doka ko guda. Ya dube ni, ba da fushi ba.

"Na jiya, Malam. Abu ɗaya nika so in sani. Ranad da anka kira ni, kuna zuwa ko ba ku zuwa?"

Ni na fara cewa za mu zo, ban san lokacin da maganar ta fita ba. Tela ya daɗe yana kallon tsamiyar kafin ya ce shi ma zai zo.

Maigida ya kai ƙara wurin mai garin ƙauyen, aka sa rana. Da hantsi aka zauna a ƙofar gidan mai gari, mutane sun cika wurin har kan katanga, don labari ya bazu cewa jam'iyyar masu cewa kowa ɗa ne za ta yi shari'a da gidan shugabanta. Mai gari ba ya ƙaunarmu ko kaɗan, kuma a fuskarsa ana ganin ranar ta yi masa daɗi.

Maigida ya yi bayani a natse. Ya ce gonar ta kakansu ce, wannan kuwa mutumin gidansu ne da aka ajiye a kanta, tunda ya ƙi yin abin da aka saba, a karɓa a ba su abinsu.

Sai na lura da wani abu. Ba wanda ya furta kalmar bawa. Maigida bai furta ba, mai gari bai furta ba. Kowa ya san in Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi ya ji an yanke hukunci a kan cewa wani bawan wani ne, rawanin mai gari na iya tafiya. Don haka aka yi ta kewaye, mutumin gida, yaron gida, na hannunmu.

Da aka ba Baba dama bai yi dogon zance ba.

"Ranka shi daɗe, a faɗi sunan abin. Mutumin gida ƙaƙa? Ɗa nike, ko baƙo, ko mi?"

Mai gari ya gyara zama, ya kauce wa tambayar, ya jefa wa Tela.

"Kai mai lacca. Ga yayanka, ga tsohon gidanku. Kai kac ce ma mutane ga kasuwa kowa ɗa na. To gaya muna, wanga mi a shi gare ku?"

Na fahimci tarkon, kowa ma ya fahimta. In Tela ya goyi bayan wansa, ba za mu ƙara hawa turmi a ƙasar Kebbe ba sai an yi mana dariya. In ya goyi bayan Baba, ya tozarta wansa a bainar jama'a. Ya miƙe tsaye. Wannan karon bai ɗaga murya ba, sai da na kasa kunne sosai na ji shi.

"Ranka shi daɗe, ba mu da bawa. Ba mu taɓa mallakar mutumin ga ba, guminai dai munka ci, mu da iyayenmu. Gona kuwa, da kunnena nij ji mahaifinmu na faɗin uban Baba yas sare ta. Yaya ma yana wurin."

Maigida bai dubi ƙanensa ba. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ka fidda keken ɗinkinka daga zaurena kafin in iso gida."

Yanzu saura hukunci. Na ga mai gari yana shirin buɗe baki, kuma na san inda zai karkata. Na nemi izini, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce ba jayayya nake yi ba, roƙo ne. In an yanke, a taimaka a faɗi dalilin hukuncin a gaban jama'a, don in muka ɗaukaka ƙara mu san abin da za mu maimaita a gaba. Na koma na zauna. Dalili ɗaya ne kawai zai sa gonar da mutum ya sare da hannunsa ta zama ta wani, shi ne a ce hannun ma na wanin ne. Wannan kuwa shi ne abin da mai gari ba zai iya faɗa da ƙarfi ba.

Ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce magana ce ta 'yan'uwa, a je a sasanta, in ba a sasanta ba a dawo bayan kaka.

Ba mu ci shari'a ba, kada a ɗauka haka. An dai ɗage ta ne, ga gero kuwa ya nuna a gona. Ba a jima ba muka ji maigida zai aiko 'yan ƙodago da jakuna su girbe su kwashe, in ya so a yi shari'ar a kan kara. Mahauci ne ya kawo shawarar mu yi gayya mu riga su.

Ba mu da yawa. Wasu sun ce suna da uzuri, wasu ba su ce komai ba, ba su dai zo ba. Mai goro ya zo, yana ta mita tun daga Tambuwal cewa mun kashe kanmu a zaɓe, amma da aka shiga gona ya fi kowa sauri. 'Ya'yan Baba suna yanka zangarniya, mu muna tarawa ana ɗaurewa. Kafin rana ta take hannuwana sun yi bororo sun fashe, mahauci yana ta tsokanata wai a kawo wa Malam alƙalami ya yanka da shi.

Da aka ɗaure damin farko sai aka tsaya, don kowa ya san inda damin farko na wannan gona yake zuwa tun kafin a haife mu. Tela ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a tsamiya, ya yi gammo da hularsa, ya ce a ɗora masa. Aka ɗora. Ya nufi gidan Baba yana tangaɗi, don bai saba ba, mutanen ƙauye sun fito bakin hanya suna kallo.

Daidai nan 'yan ƙodagon maigida suka iso da jakunansu. Suka tsaya. An aiko su su kori tsoho ne, ba a gaya musu abin da za su yi ba in suka tarar da ɗan gidan da kansa yana dakon gero. Ba mai iya ɗaga masa hannu. Suka yi ta duban juna, matar Baba ta fito da ƙwaryar fura ta ba su, suka sha, suka juya da jakunansu ba kaya.

Tela ya shiga gidan ya nufi rumbun da ya fara gani. Baba yana biye da shi.

"Ba nan ba, Tela. Wancan na dawa na. Can."

Ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba ɗan maigida ba sai ranar.

Mai goro bai yi kuskure ba a lissafinsa. Mun sha kaye a zaɓe, mummunan kaye. Abokan hamayya suka sa mana suna jam'iyyar bayi, yara suna bin mu da shi a kasuwa. Mahauci ya ce sunan ya yi masa, a bar shi. Wasu da suke gaishe mu a ɓoye suka daina. Tela ya kwashe kekensa ya koma wata 'yar rumfa a bakin kasuwar Tambuwal, mai yoyo in an yi ruwan sama, kuma shi da wansa sun yi shekaru ba sa magana. An ce sun shirya kafin maigida ya rasu. Ba na gari a lokacin, na tafi karatu, don haka ba zan tabbatar ba. Ko Baba ya jefa mana ƙuri'a ma ban sani ba. Mai goro ya tambaye shi, Baba ya ce ai mu muka ce ƙuri'a asiri ce.

Abin da na tabbatar shi ne mai gari bai sake kiran shari'ar ba, bayan wannan kakar ko wata. Maigida bai sake aikowa ba. Zuwana na ƙarshe ƙauyen, jikokin Baba ne ke noma gonar, tsamiyar tana nan. Na yi jami'a daga baya, na karanta littattafai masu kauri a kan haƙƙin ɗan Adam, kuma an sha tambayata ko jam'iyyarmu da gaske take ko neman mulki ne kawai irin na kowa. Ba zan iya amsawa a madadin manyanta na birni ba, ban zauna da su ba. Reshenmu kaɗai na sani, kuma an tambaye mu sau ɗaya a bainar jama'a, muka ba da amsa.

Bayan girbin nan, ana gab da salla, ina zaune a rumfar Tela sai ga Baba ya kunno kai da jaki, da dami ɗaya a kansa. Ya sauke shi a bakin rumfar. Tela ya tsayar da keke, fuskarsa ta canja.

"Baba, mi na wanga kuma? Ba mun gama da wagga magana ba?"

"Wace magana? Riga nika so, mai aljihu biyu. Ga ladan ɗinki."

Tela ya tashi ya zagaya damin, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya ajiye.

"Wanga bai kai aljihu biyu ba. Ɗaya dai."

"To bari in ɗora abina. An ce akwai wani tela ga garin Jabo, hannunai ya fi naka."

"Wancan? Wuyan riga ma bai iya fiddawa ba. Tsaya nan."

Ya zare tef daga wuyansa. Baba ya shigo cikin rumfar da takalmansa a ƙafa, ya buɗe hannuwa, Tela ya durƙusa yana auna tsawon rigar.